Tabawa da Jagaban da Teku ta Riƙe

Taguwar Jagaba ta dawo Tudun Aduwa da hantsi, ita kaɗai, ba ayari ba ubangijinta, ruwa na ɗiga daga gashinta. To, a garin da sai an ƙulla igiya uku kafin guga ya taɓa ruwa, ina raƙumi zai samo jiƙa? Wani ya dangwala ya lasa, ya tofar, ya ce gishiri ne zalla. Ga ƙananan wuri irin na teku sun maƙale mata a wuya, da ransu, suna motsi. Ba ta tsaya kasuwa ba, ba ta tsaya gidan matarsa ba, sai da ta je ƙofar Tabawa ungozoma ta durƙusa.

Tabawa kuwa rabin garin nan a hannunta suka faɗo duniya. Ta san sunan kowa, ta san na kakansa, in ta ƙwala wa yaro kira daga bakin kasuwa har na bayan gari sai ya amsa. Suna ɗaya ne tak bai taɓa fita daga bakinta ba, shi ne na Jagaba, domin ɗanta ne na fari. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, kamar yadda aka saba. Shekara talatin da shida ke nan, in za ta ambace shi sai ta ce wancan, ko mutumin nan. In ya shigo gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa wa bango. Kada ku ce ba ta sonsa. Wallahi duk cikin 'ya'yanta takwas babu wanda take so kamarsa, kunya ce kawai irin ta mutanen da. Ni ma tunda labarinta nake ba ku, zan bi ta da Jagaba, sunan da 'yan ayari suka laƙaba masa don shi ke gaba yana nuna musu hanya.

Akwai wata salka rataye a sirdin taguwar. Da Tabawa ta kwance bakinta, maimakon ruwa sai murya ta fito, muryar mace, a natse, kowa na ji.

"Aminci ga wadda ta haife shi. Ni ce Magajiyar Kumfa, mai iko da abin da ke ƙarƙashin ruwan gishiri. Ɗanki ya iso gaɓata da mutum arba'in, ƙishirwa na shirin kashe su. Ya roƙe ni ruwan daɗi na ba su, shi kuma ya ba ni kansa. Yanzu yana tsaye a fadata, gishiri na hawansa daga tafin ƙafa, ranar arba'in zai rufe masa kai. Amma muna da doka tun fil'azal: wanda uwarsa ta kira da sunansa, ba mu da iko da shi."

Jama'a suka zuba wa Tabawa ido. Ta gyara mayafi ta ce Allah ya kyauta, ta shige gida kamar an ba ta labarin ɗan maƙwabta. Sai da ta kai ɗaki ta zube ta yi kuka mai isarta, da zane a baki don kada a ji. Ta wanke fuska, ta ƙulla ƙuli-ƙuli da dabino a gefen zane, ta fito ta ce za ta ƙauye karɓar haihuwa. Kowa ya san inda za ta, ba wanda ya tanka. Ta hau taguwa, taguwa ta miƙe da ita ta nufi faɗuwar rana.

Tafiyar ba irin wadda kuka sani ba ce. Taguwa na taku ɗaya, tudu uku na wucewa. Kawalwalniyar da matafiya ke hange ba sa cim mata, su sai suka cim mata, suka ratsa ta cikinta, Tabawa ta ji sanyinta a ƙafa, har ta ga kifaye farare na iyo a iska. Ta daina sanin ko barci take ko ido biyu. Ranar tara suka hango wani gari fari fat yana ƙyalli a tsakiyar fili.

Sunan garin Kantu, kuma duk da kantun gishiri aka gina shi, bango da daɓe da masallaci. Matar da ta sauke ta ta ba ta tarihinsa cikin raɗa. Wai wani ayarin gishiri ne ya yada zango a nan, da safe raƙuma suka ƙi tashi, aka yi duka aka yi lallashi, suka ƙi. Da mutanen suka gaji sai suka sauke kayan suka gina ɗakuna da su. Tun daga nan ba a kuka a Kantu, don hawaye na cin bango. In an yi rashi sai a fita bayan gari a yi kukan a dawo. Ba sa ɗaga murya, ba sa son hadari, in suka ga gajimare sai su yi ta addu'a ya wuce gaba. Mutane ne masu kirki, amma sai ka yini da mutum bai yi maka magana goma ba.

Suka kai ta rijiyarsu guda ɗaya. Mai rijiyar wani tsohon aljani ne, tsawonsa bai fi zira'i ba, yana zaune a bakinta, gemunsa shi ne igiyar guga. Duk garin suka biyo ta, dattawa a gaba, suka kewaye ta shiru.

Tsohon ya ce, "Ya ke 'yar Adam, na san abin da ya fito da ke. Gindin rijiyar nan a haɗe yake da teku. Sunkuya ki faɗi sunan ɗanki a ciki, yau ɗin nan zai sha ruwan garinku."

Tabawa ta dubi dattawan nan masu furfura, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ranka ya daɗe, ai ɗan fari ne."

"Mu ba mu san fari ba, ba mu san auta ba. Suna muka sani."

Ta ce a yi mata afuwa, gara ta je da ƙafarta, in ta gan shi ido da ido abin zai fi zuwa mata da sauƙi. Tsohon bai yi musu ba. Ya janyo gemunsa, guga ya fito, ya ce ta duba. A cikin ruwan ta ga ɗanta tsaye, gishiri ya kai masa idon sawu. Ta ce a ranta idon sawu ai da sauƙi, akwai sauran kwanaki. Kayya, Tabawa! Da ta san abin da wannan rufe fuskar zai jawo, da ta yaye mayafin ta jefar.

Daga Kantu suka shiga wani kwari da babu ciyawa ko ɗaya, sai tsuntsaye. Duk maganar da ɗan Adam ya kawo bakinsa ya haɗiye, kwarin nan take zuwa ta zama tsuntsu ta jira mai ita. Da suka ji ƙanshin Tabawa sai wasu ƙanana masu ruwan toka suka taso, dubbai, suka sauka a kanta, a kafaɗunta, a wuyan taguwa da gindinta. Ba sa cizo, ba sa kuka, nauyi kawai gare su. Ta gane su sarai. Ga na ranar da ya fara tafiya ta hango shi ta katanga, ga na ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi tana laɓe a bayan ɗakin kakarsa, ga na ranar aurensa. Taguwar da ke haɗiye tuddai ta koma jan ƙafa. Kwana goma sha ɗaya suka yi a kwarin da bai fi tafiyar yini ba, sai da suka hau gangarensa tsuntsayen suka tashi suka koma.

Gari na biyu sunansa Hawa Bakwai. Sau shida rairayi na binne shi, sau shida mutanensa na sake gini a kan rufin iyayensu. Kan hasumiyar masallacin farko yanzu shi ne dutsen da tsofaffi ke zama a kai suna shan hantsi. Kowane gida akwai rami da tsani, in mutum ya yi kewar kakarsa sai ya sauka hawa biyu ya zauna a ɗakinta, tukwanenta na nan a jere. Su kuma waɗannan, Allah ya ba su baki! Ka tambayi hanyar kasuwa, sai an faɗa maka wanda ya fara cin kasuwar da sunan jakinsa. Da asuba kowa da tsintsiya, suna sharar rairayi suna ba juna labarin da kowa ya riga ya sani. Tabawa ta ji daɗinsu, don sun yi mata kama da mutanen gida, amma hankalinta ba ya wurin.

Da azahar suka nuna mata wani tudu a bayan gari, suka ce ta hau ita kaɗai. A can ta tarar da Uwar Rairayi, wata mace doguwa wadda tudun nan duka zanenta ne, tana tankaɗe rairayi da rariya, iska na kwasar mai laushin.

Ta ce, "Mai rijiya ya aiko mini cewa idon mutane ya hana ki. To ga ki, ga ni, ga iska. Babu dattijo, babu yaro. Iska baiwata ce, faɗa mata sunan, kafin ki sauka tudun nan ta kai shi."

Tabawa ta yi godiya, ta buɗe baki. Sunan ya taso tun daga cikinta ya zo maƙogwaro ya tsaya cak. Ashe ba idon mutane kaɗai ba ne. Harshen da ya shekara talatin da shida yana kauce wa abu, ba ya komawa kansa rana ɗaya. Ga shi kuma sunan surukinta ne aka sa wa yaron, mahaifin mijinta, mutumin da ko inuwarsa ba ta taɓa takawa ba. Ta yi ta fama har gumi ya jiƙa ta, daga ƙarshe ta ce da iska ta je ta kira mai sunan Malam.

Iska ta tafi, ta dawo kafin a ƙifta ido, ta ce ta zaga duniya ta sami masu sunan Malam dubu uku da ɗoriya, duk sun waiwayo, ban da na fadar Magajiya. Uwar Rairayi ba ta yi dariya ba. Ta shafa rairayi da tafin hannu ya zama kamar madubi, Tabawa ta ga gishiri ya wuce masa ƙugu. A nan ne tsoro na gaske ya kama ta. Ta ji haushin kanta, ta ji haushin uwar da ta koya mata, da kakar da ta koya wa uwar. Ta gangaro tudun tana tuntuɓe, ko sallama ba ta yi wa mutanen garin ba.

Suka yi ta tafiya. Rairayi ya koma tsakuwa, tsakuwa ta koma farar ƙasa mai taushi, iska ta fara ɗanɗanon gishiri. A hanya Tabawa ta riƙa gwada sunan a zuci, harafi harafi, in ta zo furtawa sai leɓe ya yi rawa ya rufe. Ranar talatin da tara, da la'asar, ƙasa ta ƙare. Ta ga ruwa shuɗi ya tafi har ya haɗe da sama, yana numfashi kamar wata babbar dabba mai barci. Ta daɗe a kan taguwa ba ta sauka ba.

A gaɓar akwai wani ɗan gari, sunansa Mun Iso. Waɗanda suka kafa shi fatake ne da suka rantse sai sun ga ƙarshen ƙasa, da suka gan shi babbansu ya zauna ya ce mun iso, aka bar sunan haka. Da haƙarƙarin jiragen da teku ta farfasa suke gina gidaje, shi ya sa kowane ɗaki ke da kamar kwale-kwale a kife, in iska ta kaɗa sai duk garin ya riƙa ƙara a hankali. Ko'ina kifi ne a shanye. Mutanen akwai raha da tsokana, ba su san wani abu wai shi nauyin baki ba. Wata mai sayar da kifi, Azumi, ita ta kama akalar taguwa ta ce baƙuwa tata ce.

Ba su gama gaisawa ba sai Tabawa ta ga matan garin sun bar abin da suke yi sun nufi bakin ruwa. Suka jeru, kowace ta kafa hannu a baki tana ƙwala wa ɗanta kira da sunansa, har da na fari, ba kunya ba tsoro. Can sai ga kwale-kwale na ɓullowa ɗaya bayan ɗaya. Azumi ta ce haka suke yi kullum tun zamanin kakanni, don teku ba ta riƙe wanda ta ji ana kira. Da Tabawa ta ba ta labarinta, Azumi ta riƙe haɓa ta ce lalle mutanen tudu da ƙarfin hali suke, a ce ka haifi mutum ka rasa bakin kiransa. Da a gida aka faɗa mata haka da an ji su. Ranar kuwa kishin matan nan kawai take ji har cikin ranta.

Washegari da hantsi teku ta ja da baya, ta yi ta ja har ta ɓace, ta bar wata hanya ta farin wuri. Taguwa ta ƙi takawa. Tabawa ta tuɓe takalmi ta bi hanyar da ƙafa, mutanen Mun Iso suka biyo ta daga nesa. Ta wuce jiragen da suka nutse, ta wuce itatuwa jajaye marasa ganye, har ta isa wata fada wadda bangonta kumfa ne tsaye, rana na ratsa shi launi launi. Ginshiƙan fadar farare ne, ba sa ƙirguwa. Sai da ta matsa ta ga kowane ginshiƙi da fuskar mutum.

Magajiyar Kumfa na zaune a ƙarshen zauren, gashinta na gudana kamar ruwa, fadawanta aljanu na kewaye da ita. Ta ce, "Maraba da wadda aka ba dama biyu ta mayar. Waɗannan da kike gani, wasu iyayensu ba su zo ba, wasu sun zo a makare. Ga naki can. Ruwa zai dawo kafin azahar, kuma ba ya jiran kowa."

Tabawa ta juya ta gan shi. Gishiri ya kai masa haɓa. Idonsa a buɗe, amma ba ya ganin komai. Rabonta da ta kalli fuskarsa sosai tun yana goye, ashe har furfura ta fara fito masa a gefen kai. Ta roƙi Magajiya a bar ta ta raɗa masa a kunne. Magajiya ta ce kunnuwansa sun fara toshewa, sai dai ta ɗaga murya yadda na bakin ƙofa zai ji. Ga aljanu cike da zaure, ga mutanen gari sun cika ƙofa. Daga nesa aka fara jin rurin ruwa.

Ta buɗe baki, wani ɗan sauti ya fito kamar na mai shaƙuwa. Gishiri ya hau leɓensa na ƙasa tana kallo. Sai ta yaye mayafin ta yar, ta kafa hannu biyu a baki kamar yadda ta ga matan gaɓa na yi, ta tattaro muryar da take kiran 'ya'yan mutane da ita daga bakin kasuwa.

"Ɗayyabu! Ɗayyabu ɗana, taho mu tafi gida!"

Kumfar bango ta girgiza. Gishirin ya tsage daga haɓa, ya zube daga ƙirji, ya zube daga ƙugu, ya gangara. Ƙafar dama ta fito. Ta hagu kuwa daga gwiwa zuwa ƙasa ta tsaya fara, sandararriya, ko motsi.

Magajiya ta ce, "Naki ne, ɗauki abinki. Wannan ƙafar ita ta fara taka fadata, gishirin ya kai ƙashi. Da a rijiya kika kira shi, ko a kan tudu, da ya fita da ita."

Tabawa ta san abin da hakan ke nufi. Jagaba da ƙafa yake aikinsa, yana gaba yana karanta ƙasa, ayari na bin sa. Ba zai ƙara jan ayari ba har abada, kuma ba teku ce ta yi masa ba, ita ce. Ta faɗi haka a fili, a gaban aljanu da mutane, hawaye na zuba, ta ce ya yafe mata.

Shi kuwa kamar bai ji zancen ƙafar ba. Kallonta kawai yake yi, ƙaton mutum mai furfura.

Ya ce, "Inna, ashe kin san sunana."

Ruwa ya riga ya fara lasar bakin ƙofa, mutanen Mun Iso na yi musu hannu su yi sauri. Ta kama hannunsa ta ɗora a kafaɗarta, kafaɗar da bai taɓa dafawa ba tun yana shan nono, suka fito kan hanyar wuri, yana jan ƙafar gishirin, tana ɗauke da rabin nauyinsa. Ya san hanya ya fi ta, ba ya bukatar a faɗa masa komai. Duk da haka da suka yi 'yan taku sai ta ce, "Ɗayyabu, taka a hankali, akwai santsi."